Mako na uku da ɗigon kabon: ashe ba duk haske ne nasu ba

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Don haɗa ɗigon kabon, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin kabon da ke haske idan an haska su da fitilar UV, na sake narka sitirik asid da yuriya a ruwa tatacce, na sa a tsohon maikirowef ɗin da na ware wa gwaji kawai, kusan minti 5 ruwan ya ƙafe ya bar wani abu baƙi mai danƙo a gindin kofin gilashi, warin amoniya kuwa ba a magana, don Allah ku buɗe taga ku sa tabaran kariya kafin ku kunna fitilar UV.

Da na narka shi na haska da fitilar UV mai tsawon zangon haske nanomita 365, saman ruwan ne kaɗai ya yi haske, raina ya ɗan ɓaci wallahi. Ashe kauri ya yi yawa, hasken ba ya ratsawa ciki. Na yi ta ƙara ruwa har ya koma rawaya fatsi-fatsi, sai ga kwalbar gaba ɗaya ta kama shuɗi mai sirkin kore, na daɗe ina kallo.

To amma ga abin da ya hana ni barci. Bayan na tace da matata mai maikiron 0.22 na zuba a jakar dayalisis (jaka mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe ɗigon kabon, ta bar ƙananan sinadarai su fita) na bar ta cikin ruwa ta kwana, da safe ruwan WAJE ma haske yake sosai! Ma'ana wani kaso na hasken daga ƙananan sinadarai yake irin su sitirazinik asid da ke samuwa lokacin dahuwar, su ne suka tsallake jakar. Ɗigon kabon na gaskiya ba su kai nanomita 10 ba, ido ba zai bambance maka ba. Dama tun 2004 da aka fara cin karo da su a Amurka, wajen tsaftace bututun nano na kabon ne aka gan su, kun ga tun asali tacewa ce ta fito da su.

Ɗaukar hoto kuma, na jiƙa siririyar fatar albasa a cikin ruwan ɗigon kabon minti 30 na wanke, bangon ƙwayoyin ya fito raɗau a madubin ƙara girma. Sai na duba wadda ban jiƙa ba, ita ma tana ɗan haskenta na halitta. Daga yanzu gilashi biyu zan riƙa jerawa, wadda na jiƙa da wadda ban jiƙa ba, kyamara saiti ɗaya.

Ina ta canza ruwan dayalisis har sai na waje ya daina haske, sannan in maimaita albasar. Wanda ya gwada da yis a maimakon albasa, awa nawa ka bar shi a jiƙe?