Sarƙar Takarda da Katin Gaisuwa: Kurakuran da Suka Cinye Mana Gam da Kwali

Ƙannenmu masu sha'awar aikin takarda, abu biyu ne suka fi lalata mana kaya lokacin da muke koyo: ruwan da ke cikin gam, da rashin sanin ta inda takarda take yarda a lanƙwasa ta. Duwatsun sarƙa na naɗaɗɗiyar takarda da suka warware, katin da ya gantsare, ninkin da ya tsage har farin ciki ya fito, kusan duk daga nan suke.

Takarda tana da jijiya. A masana'anta, ƙananan zaruruwan itacen da ake yin ta da su suna kwanciya su fuskanci gefe guda, wato inda injin yake jan ta. Ku ɗauki kwali ku lanƙwasa shi a hankali ta tsawo, kada ku ninke, sannan ku gwada ta faɗi. Ɓangaren da ya bi hannunku ba gardama, to jijiyar tana kwance daidai da layin wannan lanƙwasa. A jarida ma ya fi saurin bayyana: ta gefe ɗaya tana yagewa santal, ta ɗayan kuwa yagar sai ta yi ta karkata. Idan ruwa ya taɓa takarda, zaruruwan kan kumbura ta kauri fiye da ta tsawo, shi ya sa jiƙaƙƙiyar takarda take nannaɗewa. Ku riƙe wannan, zai dawo sau da yawa.

Mu fara da duwatsun ado. Takardar rubutu da aka saba, wadda za ku ga an rubuta giram 80 a jikin ƙunshinta, tana yi. Shafin mujalla da na kalanda ma suna yi, sun ma fi launi. Jarida tana da laushi amma takan yi ja-ja idan ta daɗe, musamman in tana shan rana. Kwali mai kauri kuwa, kada ku wahalar da yatsunku, karyewa yake a zagayen farko. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne zaɓen shafi saboda kyan hoton da ke tsakiyarsa. Idan aka naɗe, hoton ya tafi ke nan. Abin da ido ke gani shi ne bakin takardar ta gefe biyu, siririn layi na kusan rabin milimita a kowane zagaye, sai kuma tsinin ƙarshe da ke hawa kan cikin dutsen. Saboda haka launin gefe da na tsini za ku duba. In kuma kun lura bakin da aka yanka yana nuna fari, ku bi shi da maka mai launi kafin naɗi.

Ga yadda ake auna A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. A gajeren gefen sama, ku sa alama a kowace santimita 2, farawa daga kusurwa. A gefen ƙasa ku fara da santimita 1, sannan ku ci gaba da biyu-biyu: 3, 5, 7, har ƙarshe. Ku haɗa alamun sama da na ƙasa da rula, za ku sami dogayen tsinaye masu kusurwa uku guda 19 ko 20, kowanne tsininsa na daidai tsakiyar gindinsa. Wannan santimita ɗaya ta ƙasa ita ce sirrin. In kuka manta da ita, tsinin zai koma gefe guda, dutsen ya fito kamar mazurari maimakon ƙwayar da cikinta ke tsakiya. Faɗin gindi shi ne tsawon dutsen. Tsawon takardar kuma shi ke ba da kauri, amma ba yadda ake zato ba: tsini ɗaya na A4 a kan tsinken sakace yana ba da dutse mai kaurin milimita 6 zuwa 7, idan kuka ninka tsawon sau biyu kaurin zai tsaya wajen milimita 9 ne kawai, domin kowane sabon zagaye ya fi na bayansa cin takarda. Mai son dutse ɓul-ɓul gara ya ɗora tsinaye biyu ko uku a kan juna ya naɗe su tare.

Wajen yanka, rular ƙarfe da reza mai kaifi. Rular roba reza tana cin bakinta, daga nan layinku ya daina miƙewa. Reza mai dakushi tana jan takarda ta bar mata gashi a baki, gashin nan kuma duk zai fito a jikin dutsen. Ku ja sau biyu ko uku a hankali, yatsu nesa da bakin rula.

Naɗi shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ku goga wa tsinken kyandir tukuna. Ku kwantar da gindin takardar a kansa, fuskar da kuke so ta bayyana tana waje, ku yi zagaye biyu na farko ba gam ko ɗigo. Mun sha shafa gam tun daga gindi don a ce ya yi ƙarfi, dutsen ya manne da tsinke, a ƙarshe ko a fasa shi ko a bar shi da guntun itace a rami. Bayan zagaye biyun, ku ci gaba da murzawa da babban yatsa da manuni, ɗayan hannun yana jan tsinin kaɗan don naɗin ya matse. Ku riƙa duban gefe da gefe: matakalar da ke fitowa a dama ta zama daidai da ta hagu. Da kun ga ta fara zamewa, ku warware zagaye biyu ku gyara tun gam bai shiga ba. Ɗigo ɗaya a tsakiyar tafiya, sannan siririn shafi a santimita 3 na ƙarshe, ya wadatar. Farin gam na ruwa, wanda ake rubuta PVA a jikinsa, shi ya fi dacewa. Ku ɗebo shi da bakin wani tsinke, kada ku matso shi kai tsaye daga kwalba. Ku danne tsinin da yatsa kamar daƙiƙa 10. Idan gam ya tsattsafo ta gefe, ya yi yawa, kuma zai kwashi dattin yatsa ya bushe da shi.

Dutsen da aka naɗe bai gama ba sai an rufe shi, in ba haka ba gumi kaɗai ya isa ya kumbura shi. Shafin farko ku yi shi da PVA kashi biyu, ruwa kashi ɗaya, da ƙaramin buroshi. Ku soke tsinkayen a jikin soso su tsaya a tsaye, kada su taɓa juna. Bayan kamar awa ɗaya ku ɗan juya kowane dutse a kan tsinkensa don kada ya kama. Daga nan sai man sheƙi irin na katako, wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba. Kada ku manta da bakin rami ta gefe biyu, ta nan ruwa ke fara shiga.

A nan ne sauri ke haifar nawa. Shafi mai kauri yakan bushe a sama ya bar ciki ɗanye. Ku taɓa ku ji kamar ya yi, ku zuba a leda, washegari ku tarar duwatsun sun manne da juna, in an ɓamɓare kuma fatar ɗaya ta bi ɗaya. Wani lokaci sai ku ga farin hazo a ƙarƙashin sheƙin, wannan ɗanshi ne da aka rufe a ciki. Ku ba shafin ƙarshe kwana ɗaya cur, in iska na da laima ku ƙara, kuma ku bar su a buɗe wasu kwanaki kafin a ƙulle a wani abu. Jan farce marar launi yana yi idan duwatsun kaɗan ne, sai dai yana narkar da wasu tawadar maka, yana kuma iya komawa rawaya. Takardar da aka buga a firinta mai feshin tawada ita kuma gam na ruwa ne ke jan launinta. Dokar dai ɗaya ce: a gwada a dutse guda kafin a shafa wa hamsin. Kuma duk yawan shafin da aka yi, takarda takarda ce. Ku gaya wa duk wanda zai sa cewa ba a wanka da ita.

Wajen shiryawa a zare, dutse mai santimita 2 ya fi kyau a wuya. A hannu yakan yi kusurwa-kusurwa, don haka na abin hannu ku yanka gindi santimita 1.2. Ga wuyan hannu mai santimita 16, duwatsu 12 da ƙananan duwatsun gilas 12 masu milimita 4 a tsakaninsu za su ba da kusan santimita 19.2, wanda ya bar wurin motsi bayan kaurin duwatsun ya ci nasa. Ƙananan nan ba don ado kawai ake sa su ba, su ke hana bakunan takardar gugar juna su cinye. Zaren roba mai kaurin milimita 0.8 ko 1, ku ja shi sau da yawa kafin ku zura komai, in ba haka ba zai saki bayan an sa shi 'yan kwanaki, giɓi ya bayyana. Ƙulli na yau da kullum yana zamewa a roba. Ku zagaya sau biyu a ɗaurin farko, ku sake ɗaurawa, ku ɗiga ɗan PVA ko jan farce, ya bushe, sannan ku ja ƙullin cikin ramin dutse. Gam mai kamawa nan take yana sa roba ta ƙage ta karye a daidai ƙullin. Na 'yan kunne kuma, ramin da tsinke ya bari ya fi kan siririn ƙarfen da ake zura dutsen a jikinsa girma, sai an fara zura ƙaramin dutse a ƙasa ya tare.

Katin gaisuwar biki kuwa, ku fara da ambulan. Mun yi katuna masu kyau da aka rasa abin sa su saboda an yanka su da ka. Ku raba kwalin A4 gida biyu, kowane rabi ku ninke shi a santimita 10.5, ku sami kati mai 10.5 da 14.8, wato A6, wanda ke shiga ambulan C6 mai 11.4 da 16.2. Nauyin kwali daga giram 200 zuwa 250 ya fi. Ƙasa da haka katin ba ya tsayawa a kan tebur, sama da 300 kuma ninki yana wahala.

Ga inda jijiya ke dawowa. Yawancin A4 jijiyarsu na bin tsawo ne, don haka ninkin da muka kwatanta yana bin jijiya, ya kwanta lafiya. Idan kuka ninke A4 ɗin sukutum don babban kati, kun ratsa jijiya, a nan ne bayan katin ke tsagewa. Kwali ya bambanta, ku gwada naku. Ko ta ina ne, kada ku ninke kwali ba ku ja masa layi ba. Biron da tawadarsa ta ƙare da rular ƙarfe sun isa: ku danna ku ja sau biyu, ya yi kwari ba tare da ya yanka ba. Sannan, abin da ya saɓa wa zato, kwarin ne ke zama a waje, tudun da ya fito ta baya ya shige cikin ninkin. Ku goge ninkin da bayan cokali, da wata takarda a kai don kada ya bar sheƙi.

Gam na ruwa a faffaɗan wuri shi ke gantsarar da kati, domin fuskar da ta jiƙe ta kumbura, in ta bushe kuma ta tsuke ta ja ɗayar. Don liƙa takarda a kan kwali ku yi amfani da salatif mai fuska biyu ko gam na sanda. PVA ku bar shi don ƙananan abubuwa, ɗigo-ɗigo. In dole ne sai shi, ku shafa siriri, ku sa leda a sama da ƙasa, ku danne da littattafai masu nauyi har kwana. Takardar da za ta hau fuskar katin ku yanka ta 9.9 da 14.2, sai ta bar gefen milimita 3 ko'ina. Kuma ku yi rubutun a kanta kafin ku liƙa. Harafi ɗaya da ya ɓace bayan liƙi ya kashe kati gaba ɗaya, kafin liƙi kuwa guntuwar takarda kawai aka yi asara. Ku fara da fensir, ku fara daga harafin tsakiya ku bazu dama da hagu idan kuna son kalma ta zauna a tsakiya, kuma kada ku goge fensirin sai tawada ta bushe. A kwali mai santsi tana iya ɗaukar mintuna da yawa.

Ado kuma, mu dai a ganinmu launi biyu ko uku da abu guda da ido zai sauka a kai sun fi tarkace. Dutsen takarda mai kauri a fuskar kati yana huda ambulan, ƙyalƙyali kuma in ba a kan jiƙaƙƙen gam aka barbaɗa shi aka kakkaɓe ba, a hannun mai karɓa zai ƙare.

Katin da hoto ke miƙewa idan an buɗe yana da lissafi ɗaya da ake yawan tsallakewa. Ku ninke takardar da za a liƙa a cikin katin, ku yi yanka biyu daga bakin ninkin, kowanne santimita 3, tazarar santimita 1.5 a tsakaninsu. Ku ja layi tsakanin ƙarshen yankan biyu, ku buɗe, ku tura harshen ciki ya zama ɗan mataki, a gabansa ake liƙa hoton. Idan aka rufe katin, hoton zai kwanta ya fara daga santimita 3 daga ninki, don haka tsawon yanka da tsayin hoto in an haɗa kada su wuce 10.5. Da yankan santimita 3, hoton kada ya haura 7, in ba haka ba kansa zai leƙo waje. Lokacin liƙa takardar cikin a jikin kwalin, kada gam ya taɓa bayan matakin, kuma ku liƙa ɓangare ɗaya tukuna, ku shafa wa ɗayan, sannan ku rufe katin a kansa. Idan aka liƙa shi a buɗe shimfiɗe, ranar da aka zo rufewa takardar cikin za ta tattare a ninki.