Harin Oklahoma na 1995 da Yadda Kotu Ta Fuskanci Ɗan Ta'addar Cikin Gida

Da ƙarfe 9:02 na safiyar ranar 19 ga Afrilu, 1995, wata motar ɗaukar kaya ta haya da aka ajiye a gaban ginin gwamnatin tarayya na Alfred P. Murrah, a birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, ta yi bindiga. An maƙare ta da takin zamani da aka cakuɗa da mai, wanda nauyinsa ya haura tan 2. Mutum 168 ne suka rasu, 19 daga cikinsu yara ne ƙanana, domin akwai wurin renon yara a cikin ginin, daidai saman inda aka tsayar da motar. Ɗaruruwa kuma suka jikkata.

Tun ƙura ba ta lafa ba, masu sharhi a gidajen talabijin suka fara nuna yatsa ga Larabawa da Musulmi, har aka tsare wani Ba'amurke ɗan asalin Jordan a filin jirgin saman Landan, aka maido shi gida, daga baya aka sallame shi saboda ba shi da hannu a ciki. Bayan kwana biyu sai gaskiya ta yi halinta. Wanda ya aikata ɗan gida ne, farar fata, Timothy McVeigh, mai shekara 26, tsohon soja da ya yi yaƙin Tekun Fasha a 1991 har ya samo lambar yabo.

Ba a banza ya zaɓi wannan rana ba. A watan Agustan 1992, a wani wuri da ake kira Ruby Ridge a jihar Idaho, jami'an tarayya sun yi arangama da iyalin Randy Weaver, inda jami'i ɗaya da ɗan Weaver mai shekara 14 suka mutu, washegari kuma wani maharbin hukumar FBI ya harbe matarsa tana riƙe da jaririyarta a ƙofar gida. A 1993 aka yi na Waco a jihar Texas, inda jami'an tsaro suka yi wa wata ƙungiyar addini ƙawanya har kwana 51, kafin wuta ta cinye gidan a ranar 19 ga Afrilu, mutum 76 suka halaka, da yara a cikinsu. McVeigh ya je Waco da ƙafarsa ana tsakiyar ƙawanyar, ya kuma ƙudura a ransa cewa gwamnatin ƙasarsa ta zama abokiyar gāba. Babu abin da ya faru a waɗannan wurare biyu da zai wanke wanda ya kashe yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Amma ina ganin ganganci ne a ƙi lura da cewa duk lokacin da hukuma ta zubar da jini ba tare da alƙali ya saurari kowa ba, masu tsattsauran ra'ayi sun samu labarin da za su yi shekaru suna jan mabiya da shi. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a watan Yulin 2009, ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Yadda aka kama McVeigh shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina, domin babu tankar yaƙi ko jirgin sama a cikinsa. Kimanin minti 90 bayan fashewar, wani ɗan sandan babbar hanya mai suna Charlie Hanger ya tsayar da wata tsohuwar mota ruwan ɗorawa kusa da garin Perry, ba don komai ba sai don ba ta da lamba a bayanta. Da direban ya miƙa hannu zai ciro takardunsa, sai ɗan sandan ya lura da tudu a ƙarƙashin rigarsa, ashe bindiga ce. Ya kai shi gidan tsare masu laifi na gundumar, bai san wanda ya kama ba. A can wajen fashewar kuwa, masu bincike sun tsinci ƙarfen gatarin ƙafafun baya na motar hayar, wanda ya yi tsalle mai nisa, kuma lambar masana'anta tana nan a jikinsa ba ta goge ba. Wannan lamba ce ta kai su shagon bayar da hayar motoci a Junction City ta jihar Kansas, inda McVeigh ya yi amfani da sunan bogi, daga nan zuwa wani masaukin baƙi inda ya rubuta sunansa na gaskiya. Saura ƙiris a ba da belinsa a ranar 21 ga Afrilu aka gano shi ne ake nema.

Shari'ar ma ba a yi ta da fushi ba, duk da cewa zukata suna tafasa. An ɗauke ta daga Oklahoma zuwa Denver ta jihar Colorado, saboda mai shari'a Richard Matsch ya ga ba za a samu masu taya alƙali yanke hukunci da ba su riga sun yanke nasu a zuci ba. Gwamnati ta biya lauyoyin da suka kare shi. Abokinsa Michael Fortier, wanda ya san da shirin ya yi gum da bakinsa, ya ba da shaida a kansa, shi kuma ya samu ɗaurin shekara 12. A ranar 2 ga Yuni, 1997, aka samu McVeigh da laifi a tuhuma 11, daga baya aka yanke masa hukuncin kisa. Abokin aikata laifinsa, Terry Nichols, ya samu ɗaurin rai da rai a kotun tarayya, sannan a 2004 kotun jihar Oklahoma ta ƙara masa ɗaurin rai da rai har sau 161. Kwana kaɗan kafin ranar da aka sa don kashe McVeigh a watan Mayun 2001, sai ta bayyana cewa FBI ba ta miƙa wa lauyoyinsa takardu sama da shafi 3,000 ba, kuma maimakon a rufe maganar, aka ɗage kisan da kusan wata guda, aka aiwatar da shi ranar 11 ga Yuni a gidan yarin Terre Haute. A ganina wannan jinkirin ya fi kowane jawabin shugaba amfani, domin ya toshe bakin masu son su ce an yi masa ƙage.

Sai dai ba duk martanin ne ya yi kyau ba. Dokar yaƙi da ta'addanci da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Afrilun 1996 ta taƙaita damar fursunoni ta ƙalubalantar hukuncinsu a kotunan tarayya, ta kuma tsananta wa baƙi 'yan ci-rani, alhali wanda ya jawo dokar ba baƙo ba ne. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarta yawancinsu talakawan fursunoni ne da ba su taɓa haɗa hanya da ta'addanci ba. Haka kuma, ko da yake wata dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001 ta fayyace ma'anar ta'addancin cikin gida, ba ta mayar da shi laifi mai zaman kansa ba, saboda haka masu gabatar da ƙara kan bi ta tuhumar kisan kai, ko haɗa baki, ko mallakar abubuwan fashewa.

An sake ganin wannan bayan da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar dokoki a ranar 6 ga Janairu, 2021. Ministan shari'ar da ya jagoranci gurfanar da su shi ne Merrick Garland, mutumin da ya sa ido a kan binciken Oklahoma a 1995. An tuhumi fiye da mutum 1,500, aka ɗaure Stewart Rhodes, shugaban ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta Oath Keepers, shekara 18, shi kuma Enrique Tarrio na irin wannan ƙungiya mai suna Proud Boys shekara 22, bisa laifin haɗa baki don yi wa gwamnati tawaye. A ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da Trump ya koma kan mulki, ya yafe wa kusan dukkansu, ya kuma sassauta hukuncin mutum 14, ciki har da Rhodes, wanda ya fita daga kurkuku bai cika ko shekara 4 a tsare ba.