Talata: Kawu da gawon gonarsa

Kawu ya sauka tun hantsi daga Agie, cikin jihar Maradi ta Nijar, da rabin buhun gero da ƙullin kuka na Inna. Ganin likitan ido ya kawo shi. Gida ya cika da dariya, kun dai san shi da Hajiya in sun haɗu.

Bayan la'asar muna zaune gindin dogonyaro, Sani, jikan ƙanwar Kawu, ya ce yau a jami'a an yi musu darasi kan sassaben zamani, wato raya itatuwa a gona daga tsiron kututture maimakon dasa sababbi. Ya jawo waya ya buɗe wa Kawu. Ga hotunan gonakin jihar Maradi, gero na tsaye ƙarƙashin gawo. Ga rahotanni na cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5, ba tare da dasawa ba. Ga Tony Rinaudo, Baturen Ostareliya da ya fara aikin nan Maradi wajen 1983, wanda aka ba babbar lambar yabo a Suwidin a 2018.

Kawu ya kawo wayar dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ɗiyata, mi suka ce mun yi?"

Sani ya yi ta latsawa. Wannan Ingilishi, wancan Faransanci. Bidiyo ma haka, manomi ya buɗe baki da Hausa, sai muryar mai fassara ta hau kansa ta danne. Muka fassara masa abin da ya samu. Yana ta gyara mana: ba kowane tsiro ake bari a kututture ba, ana zaɓen masu ƙarfi a sassabe sauran, kalgo da sabara kowa da yadda ake bi da shi, gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, shi ya sa ba ya tsare wa gero rana. Tun bayan yunwar 1984 Kawu yake wannan aiki.

Nan raina ya ɓaci, har yanzu bai sake ba. Baturen ya yi aikinsa, Kawu ma ya ce Allah ya saka masa. Amma ɗalibi a Faransa zai karanta labarin gonar Kawu cikin harshen uwarsa, ya ci jarrabawa da shi, mai gonar kuwa sai jikan ƙanwarsa ya tsinto masa guntu-guntu. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma wayar da ke hannunmu ba ta ji wannan labari ba. Kuma mu ke sayen mega da kuɗinmu don mu kalli kanmu a bakin wasu.

Na ce wa Sani gobe ya ɗauki muryar Kawu tun daga farko, da Hausarsa ta Agie, kada ya gyara masa ko kalma. Mu fara turawa zauren WhatsApp na ƴan garinsu.

Tuwo ya yi daɗi. An ɗauke wuta wajen tara, ga sauro.