Yadda na shiga kotu karɓo 'ya'yana, na fito da takardar ciyarwa

Toh ni dai da bakina nake faɗa, lokacin da muka rabu da uwar yarana a 2021 ban taɓa kawowa a raina akwai wata magana akan wanda zai riƙe su ba, dan a gidanmu abinda muka taso muka gani shine da an yaye yaro shikenan ya dawo gidan ubansa, ko kaka ta riƙe ko kishiyar uwa. Namijin shekara 6, macen shekara 3. Na tura ƙanina ya ɗauko su, Hajiya wato surukata ta ce ba inda za su je. Aka yi zaman sulhu har sau biyu da kawunta da limamin unguwa, ba a daidaita ba, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na tafi kotun shari'a na yanko sammaci.

Ranar zaman farko har da sabuwar shadda na saka wallahi. Alƙali ya saurare ni har na gama, sai ya ce kana da wani aibu da kake zarginta da shi, rashin hankali ko rashin amana ko wata cuta da za ta cutar da yaran? Na ce Allah gafarta malam babu, kawai dai 'ya'yana ne. Ya ce to ai nata ne ita ma.

Nan ne na fara jin kalmar hadana, wato haƙƙin riƙon yara. Ya ce a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce gaba wajen riƙo, namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Zancen wai shekara 7 sai a ba yaro zaɓi da abokaina suka cika min kunne da shi a majalisa, ashe na wata mazhabar ne. Abinda ya rage min shine walicci, ni ke da ta cewa akan karatunsu da auren yarinyar in lokaci yayi, sannan ci da sha da sutura da magani da kuɗin makaranta duk a wuyana. Ya tambayi sana'ata, na ce ina saida kayan waya, ya sa na faɗi abinda nake samu, ita ma ta faɗi abinda suke ci, aka yi ta ja kamar cinikin akuya har aka tsaya a 30,000 duk wata banda makaranta. Aka rubuta zan ɗauke su yammar Juma'a in maido su Lahadi, hutun sallah kuma a raba.

Bayan shekara biyu ta yi aure, na ce yauwa, dama hadisin cewa yayi ita ta fi cancanta matuƙar bata yi aure ba. Na koma da gudu. Malam ashe layin da tsawo, in uwa ta fita sai kakar wajen uwa, in babu sai 'yar'uwar uwar, ana ma saka tawa mahaifiyar kafin a zo kaina. Hajiya na zaune a benci da carbinta ko kallona bata yi ba, alƙali ya tambaye ta ko za ta iya, ta ce ai dama a ɗakinta suke kwana.

Abu ɗaya da ya cece ni shine tiransifa nake yi, ban taɓa miƙa kuɗi a hannu ba, dan da kawun ya ce na yi wata huɗu ban bayar ba sai na miƙa wa magatakarda wayata ya karanto alat ɗin ɗaya bayan ɗaya, magana ta mutu.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar ina ƙofar gidan, in durƙusa in gaida Hajiya, ta ce Baban Amir an zo, ta miƙo min jakarsu da maganin tarin ƙaramar, ta ce cokali ɗaya ne da dare kar in manta.