Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: "Kada Ki Ja Mana Abin Faɗa"

Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni riƙo gidan Gwaggo a Gwammaja. A 1976 ke nan, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu 'yan unguwa aka zuba a firamare.

Kullum zan fita sai Gwaggo ta gyara mini ɗankwali ta ce, "Kada ki ja mana abin faɗa." Ba ta taɓa dukana ba, Allah ya jiƙanta. Amma maganar nan ta sa na riƙa ganin kamar duk wanda ke zaune a dakali ni yake ƙirga wa taku.

Muna aji uku malam ya tashe ni karatu, harshena ya sarƙe a kalma ɗaya. Yara biyu a baya suka yi dariya. Ban waiwaya na ga abin da suke wa dariya ba, na riga na yanke cewa ni ce. Da dare na kwanta ina ta juya abin a raina: mutum biyu suka zama aji, aji ya zama unguwa, magana ta kai kunnen Gwaggo, an ɗaure mini kaya an mayar da ni ƙauye. Gari na wayewa cikina ya murɗa, ta jiƙa mini kanwa. Tun daga ranar ban sake ɗaga hannu ba, ko da amsar tana bakina.

'Ya'yan Gwaggo har gobe cewa suke girman kai ne ya hana ni magana. Na san suna karantawa, to su ji: tsoro ne, kuma a ɗakin uwarsu na koyo shi.

Kwanan nan jikata ta ƙi zuwa Islamiyya saboda hadda ta kakare mata a gaban 'yan ajinsu. Ta ce kowa ya ɗauke ta daƙiƙiya. Wallahi maganar Gwaggo ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na ce, "Ke, wa kika ji ya faɗa?" Ta yi shiru, can ta ce ba kowa. Na ce, "Jiya wa ya kakare?" Ta kasa tunawa.

Ni ba wanda ya yi mini waɗannan tambayoyin. Kanwa aka ba ni, aka gyara mini ɗankwali, aka maimaita mini abin faɗa.

Mako mai zuwa zan kawo yadda aka cire ni daga makaranta.