Godiya bayan an sallami jarumarmu daga asibiti

Alhamdulillahi. Jiya da yamma aka sallame ta, ta kwana a ɗakinta, ta ci abinci da hannunta. Kwana 11 cif a asibiti, bayan ta suma ana tsaka da ɗaukar fim. Duk wanda ya bi lamarin ya san yadda aka yi, gajiya ma ba za ta bar mu mu maimaita ba. Amma akwai waɗanda in ba mu ambace su ba mun ci haƙƙinsu.

Na farko mai ɗaukar sauti. Ya roƙa kada a sa shi a ciki, to Malam ka yi haƙuri, sunanka dai mun sakaya. Wanda bai san lokeshan ba, wato wurin ɗaukar fim, sai an yi masa bayani kafin ya gane girman abin da ka yi. Fitowar dare, wato ɓangaren labarin da ke faruwa da dare, ake ɗauka da rana tsaka, a zafin Afrilu. Irin wannan sai an toshe tagogi da baƙin yadi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki saboda makirufo ba ya barin ƙara komai ƙanƙantarta, sannan a kunna fitilu uku, ga mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Abin da labari ya tsara kuma shi ne ta ji mummunan saƙo ta yanke jiki ta faɗi. Sau huɗu ana maimaitawa. A na biyar ta faɗi yadda darakta yake so, har ya ɗaga hannu kada kowa ya motsa, domin a ƙa'ida ana barin kyamara ta ɗan ci gaba don edita ya samu wurin yankawa. Ƙaramin makirufon da aka maƙala mata a ƙarƙashin mayafi kuwa kunnen mutum ɗaya yake kai wa numfashinta. Mai suman wasa numfashinsa a daidaice yake, wani ma riƙe shi yake yi. Nata sama-sama yake fita, har da shaƙuwa. Mai sautin ya fizge abin kunnensa ya daka tsawa a tsaya, alhali tsayar da ɗauka ba hurumin mai sauti ba ne. Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya tsare maka jinka da ganinka har tsufa.

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ta danne kwana uku da maganin kashe ciwo, ga ƙarancin ruwa da na jini. Masu cewa me ya hana ta faɗa, ku sani ba a ɗaukar shiri mai dogon zango bi da bi. Gida ake karɓa haya na 'yan kwanaki, a tattara duk fitowar da ta shafi gidan, daga kashi na 1 har na 13, a gama su a lokacin. In jaruma ta kwanta, hayar gida da ta kayan aiki da kuɗin yinin ma'aikata duk sun tafi. Wannan ta duba. Ba mu ce ta yi daidai ba.

Baba direba, da ka kwashe kayan fitila daga motar ka shimfiɗa mata dardumar sallarka, mun gode. Yaran fitila biyu da suka ba da jini leda ɗaya-ɗaya, suka koma suna naɗe waya kamar ba su yi komai ba, Allah Ya yi muku arzikin da za ku riƙe iyayenku. Ma'aikatan jinya na dare, Allah Ya biya ku.

Sai ƙanwarmu mai kula da daidaiton fitowa. Kowace fitowa tana da hotonta a wayarta: ɗaurin ɗankwali, hannun da agogo yake, zanen lalle. Lalle ba ya jiran kowa, cikin mako biyu ya dusashe. Da hotunanta mai lalle ta sake zana irinsa a hannun wadda ta tsaya a madadin jarumar, aka ɗauke ta ta baya da ta kafaɗa a fitowa shida, edita ya cike da fuskar da aka riga aka ɗauka. Muryar kuma za a ɗora a situdiyo in ta ƙara ƙarfi, kafin a miƙa wa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano.

Abokan sana'a da suka yi karo-karo, da masu kallo da suka yi ta addu'a ba su taɓa ganinta ido da ido ba, Allah Ya saka da alheri, Ya yaye muku duk abin da ya dame ku, Ya sa kada ku ga irin wannan rana a kan naku. Akwai na jini da muka sa ran gani a bakin gadon nan, ko kira bai shigo ba, ko da yake ranar fitowar sabon shiri ba sa ɓatan hanya. Mun bar wa Allah. Waɗanda suka yaɗa rasuwarta a Facebook har labarin ya riga mu isa kunnen mahaifiyarta, Allah Ya shirya.

Likita ya ba ta hutun mako uku, ba lokeshan, ba tafiya. Masu son dubiya a bari sai bayan la'asar, kuma don Allah kada a ɗauke ta hoto.