Kafin ka haɗa jari da wani a Legas

A kasuwar Mile 12 akwai mutanen da mota ɗaya ta tumatur ɗinsu ta kai miliyoyin naira, amma a idon doka matsayinsu ɗaya da mai teburin shayi a Obalende: duka kasuwancin mutum ɗaya ne. Riba tasa, asara tasa, in bashi ya taso kuma ana iya bin sa har gidan da ya gina a Arewa. Ko ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, hakan bai raba aljihunsa da na sana'ar ba. Amfanin rajistar shi ne buɗe asusun banki da sunan shagon da kuma samun amincewar masu ba da kwangila.

Inda 'yan uwanmu suka fi cutuwa shi ne haɗin gwiwa. Wani a Kano ko Danja ya ba da kuɗi, wani ya rako kaya, wani ya tsaya a kasuwa, komai da fatar baki. Sai ranar da mota ta lalace wajen Mokwa, ta kwana biyu, kwanduna suka fara zubar da ruwa, sannan ake tambayar wa zai ɗauki asarar. A tsarin ƙiradi da malamai suka yi bayani, wato wani ya ba da jari wani ya juya shi, asarar jari tana kan mai kuɗi, mai aiki kuma wahalarsa ce ta tafi a banza, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci. Riba kuma da kaso ake yanke ta, rabi ko sulusi, ba a cewa "kowane zuwa ka ba ni dubu ɗari". Don Allah a rubuta waɗannan tun kafin a ɗora kaya: jarin kowa, kason kowa, wa ke biyan kuɗin mota, la'adar dillali da ladan 'yan dako, da yadda za a yi in ɗaya ya rasu ko ya ce zai cire kuɗinsa. A sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Zumunci da yawa ya lalace saboda takarda ɗaya da aka ji nauyin rubutawa.

Kamfani mai rajista, wanda ake kira limited, shi doka ta ɗauke shi tamkar mutum mai zaman kansa. Shi ke cin bashi, shi ake kaiwa ƙara, kuma ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Magada hannun jari suke gada. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa shi, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Sai dai yana da ɗawainiya. Dole a riƙa miƙa rahoto ga CAC duk shekara, kuma kuɗin cefane bai kamata ya fita daga asusun kamfani ba. In kuma ka sa hannu a banki cewa kai ne mai tsaya wa bashin, kariyar nan ta kau.

Batun girma kuwa, hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i da yawan ma'aikata take fara aunawa: ƙasa da mutum 10 ɗan ƙaramin kasuwanci ne, 10 zuwa 49 ƙarami, 50 zuwa 199 matsakaici. A wannan ma'auni yawancin dilolin shanu na Agege suna rukunin farko, komai yawan cinikinsu.

Fannin da mutum yake ciki ma yana iya tilasta masa irin rajistar da zai yi. Noma da kiwo suna can gida. Mu a nan mun fi yawa a saye da sayarwa, sufuri da canji. Canji na halal a doka sai kamfani da lasisin Babban Banki, wanda a 2024 ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira miliyan 500 ga ƙaramin rukuni, biliyan 2 ga babba. A ganina wurin da muka bari shi ne sarrafa kaya. Mai kilishi ko yajin da yake son kayansa su hau kantar manyan shagunan Ikeja da Lekki sai ya fara da rajistar CAC, ya tanadi ɗaki mai tsabta da jami'ai za su zo su duba, sannan ya nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da zai buga a jikin ledarsa.